Allura da ƙarin ruwa: huda jikin da babu larura

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano bayan magariba ya san irin ɗakin nan na bayan kemis: benci ɗaya, labule, ƙusa a bango, ledar ruwa rataye. Mara lafiya na kwance, ruwan ya koma rawaya saboda bitamin da aka zuba a ciki, 'yan uwa na waje hankalinsu a kwance, a ganinsu an yi aiki. Zazzaɓin kwana biyu ne ya kawo shi. Yana cin abinci, yana shan ruwa, ba ya amai. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga shi nan a titin Zariya, amma ko ɗigon jininsa ba a gwada ba.

Mai kemis lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, ba na neman jijiya ba. Sai dai laifin bai tsaya a kansa ba. Bahaushe ya daɗe da ɗaukar ƙwaya a matsayin ƙaramin magani, allura kuwa babba. Uwa takan ce, "Likita, a yi masa allura mana, ƙwayar nan ba ta jin sa." Wani ma'aikacin lafiyar ya san gaskiya, amma yana tsoron ta tafi wani wurin, kuma kuɗin ƙarin ruwa ya ninka na ƙwaya.

Ilimi bai goyi bayan wannan ba. Tun 2005 Najeriya ta koma maganin ACT na kwana uku don maleriyar da ba ta tsananta ba. Allurar artesunate ta wanda ya galabaita ce, mai jijjiga ko suma, ko wanda ba ya iya haɗiya. Haka gudawa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh da ke Indiya, ledojin ruwa suka ƙare ana tsaka da kwalara. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da mutane ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Kowace huda ƙofa ce. Allurar ɗuwawu idan ta taɓa babbar jijiya, yaron da ya zo da ƙafarsa sai ya koma yana jan ta, wani har abada. Akwai ƙurjin da sai an tsaga. Ruwan da aka saki da sauri yana iya taruwa a huhun ƙaramin yaro ko dattijo mai ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai allurai marasa tsafta sun sa wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B, wasu miliyan 2 nau'in C. Masar ta ɗanɗana: daga shekarun 1950 zuwa 1980 aka jera mutanen karkara ana yi musu allurar tsargiya da sirinjin da ba a dafa sosai ba, kuma binciken 2008 ya sami alamar nau'in C a jinin kusan kashi 15 cikin ɗari na manyanta.

Kada a fahimci zancen a karkace. Rigakafi ba ya cikin wannan lissafi; mashaƙon da ya kashe yara a Kano a 2023 ya fi kama waɗanda ba a yi wa ba. Mai ciwon suga da ke buƙatar insulin, da mai jego da ke zubar da jini, allura ce ke ceto su da yardar Allah.

Abin da ake nema a wurin mai jinya tambaya ce kafin a ɗaure hannu: an gwada jinin? Mene ne sunan maganin? Akwai na sha? Ma'aikacin da ya san aikinsa zai amsa duka ukun, ya kuma rubuta sunan maganin a kati a tafi da shi gida.