Abzin tsibiri ce, mu ne mazaunanta



Da nake jami'a a Yamai, malaminmu ya ba mu misalin Seshel, 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai da ta keɓe kashi 30 cikin ɗari na tekunta a 2020 don kare halittu. Na ce a raina, ai mu ma a tsibiri muke. Duwatsun Abzin tsibiri ne tsakiyar rairayi. Dabbar da ta ƙare a nan, babu inda wata za ta taso ta maye gurbinta.

Ba takarda muka rasa ba. A 1988 aka kafa gandun Ayar da Tenere, hekta fiye da miliyan 7. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan ya shiga jerin masu fuskantar haɗari. Nijar ta tsara shirinta na kare halittu a 1998, ta sabunta shi a 2014. To, a cikin wannan taro wa ya taɓa jin an karanta masa shi da Hausa ko Tamashek?

Kakana yakan ba mu labarin garken jimina a hanyar Iferwan. Ni sai a cikin shinge na gan ta. Barewa kuwa, da mota ake bin ta har ta faɗi. Ƙandili da bagaruwar koramu suna shigowa Arlit a matsayin itace da gawayi, kuma mu ne masu saye. Wannan laifin namu ne, kar mu ɗora wa kowa.

Amma akwai wanda ya fi ƙarfinmu. COMINAK ta rufe a Maris 2021, ta bar kimanin tan miliyan 20 na dattin yuraniyom kusa da Akokan. Ruwan da ke ƙarƙashinmu tsohon ruwa ne, damina ba ta mayar da shi. Shirin da ya ƙirga barewa bai ƙirga rijiya ba, gurgu ne.

Buƙatunmu uku ne. A fassara shirin a karanta shi a gidajen rediyonmu. A ba makiyaya, masu lambu da mata kujera duk lokacin da za a sake duba shi. A riƙa auna ruwan rijiyoyi, a liƙa sakamakon a ofishin magajin gari kowa ya gani.

Takardar sa hannu tana bakin ƙofa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.