Wasan Haruffa: Hanyar Koyon Kalmomin Turanci

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci

 

Kowa ya san fartanya idan aka jingine ta ta daɗe, tsatsa take yi. Haka karatu yake. Mutum zai yi wata da watanni a aji, ya karɓi takardar shaida, ya koma gida ya ajiye littafi. Kafin damina biyu, haruffa sun fara ɓace masa. Jawabin yau a kan wani wasa ne da yake hana karatu yin tsatsa, kuma yake ƙara wa mutum kalmomin Turanci.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da Turanci? Amsar tana cikin ɗakinsa. Kwalbar maganin feshi, buhun taki, katin asibiti da takardar banki, yawancinsu da Turanci aka rubuta su. Wanda ya gane kalma goma a jikinsu ya fi wanda bai gane ko ɗaya ba.

Harafi ɗaya ba abin rainawa ba ne

A fara da Hausa. A ɗauki kalmar KARE. Haruffanta 4 ne. Idan aka juya su, sai a sami RAKE. A juya RAGO, a sami GORA. A juya ƊAKI, a sami KIƊA. Ba a ƙara kome ba, ba a rage kome ba, amma ma'ana ta sake.

To, haka abin yake a Turanci. EAT shi ne ci. A juya shi, a sami TEA, watau shayi. MEAT nama ne. A juya shi, a sami TEAM, watau ƙungiyar 'yan wasa. SIGN shi ne sa hannu a takarda. SING kuwa rera waƙa ne. Wanda ya je banki, SIGN ake nema a wurinsa.

Akwai kuma ƙarin harafi a gaban kalma. RAIN shi ne ruwan sama. Ga abin da ake samu daga gare shi:

G da RAIN: GRAIN, hatsi.
T da RAIN: TRAIN, jirgin ƙasa.
B da RAIN: BRAIN, ƙwaƙwalwa.
D da RAIN: DRAIN, magudanar ruwa.

ARM hannu ne, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. A ƙara F, a sami FARM, gona. A ƙara H, a sami HARM, cutarwa. ANGER fushi ne. A ƙara D, a sami DANGER, watau haɗari. Wannan kalma ta ƙarshe ana ganinta a jikin turakun lantarki da tankar mai da wasu magungunan ƙwari.

Asalin wasan

Sunan wasan Scrabble, ana faɗinsa Sikirabul. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a shekarar 1938, lokacin da aiki ya yi wuyar samu a ƙasarsu. Ya zauna ya ƙirga haruffan jarida don ya gano wanda ya fi yawan fitowa a Turanci. Harafin E ne ya fi. A shekarar 1948 wani mai suna James Brunot ya raɗa wa wasan sunan da aka san shi da shi, ya fara yinsa na sayarwa.

Allon wasan yana da gidaje 15 a tsaye, 15 a kwance, duka 225. 'Ya'yan wasan 100 ne, kowane da harafi a jikinsa, ban da guda 2 da ba a rubuta musu kome ba. Waɗannan 2 suna tsayawa a madadin duk harafin da mai su yake so. Mutum 2 zuwa 4 suke yi. Kowa ya ɗebi 7 ba tare da ya duba ba. Na farko ya haɗa kalma a tsakiyar allo. Na biyu ya haɗa tasa ta jingina da ta farko, ko a tsaye ko a kwance. Wanda ya iya dara ba zai sha wuya ba, domin duka lissafi ne da hangen gaba.

Kowane harafi da makinsa. Masu yawan fitowa kamar A, E, I, O maki 1 ne. K maki 5. J da X maki 8. Q da Z maki 10. Saboda haka gajeriyar kalma ba abin wasa ba ce. OX, watau sān noma, harafi 2 ne, amma makinsa 9. FARM mai harafi 4 shi ma maki 9 ne. Wanda ya ajiye haruffansa 7 gaba ɗaya, ana ƙara masa maki 50.

Nijeriya ta yi suna a wannan wasa. A shekarar 2015 wani ɗan Jihar Delta, Wellington Jighere, ya ci gasar duniya a birnin Perth na ƙasar Ostireliya. Ya doke wani Bature ɗan Ingila a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan gasa.

Yadda za a yi a ƙauye

Ba sai an sayi na kanti ba. A sami kwali mai kauri, a yanka ƙanana guda 100. A rubuta E guda 12. A da I guda tara-tara. O guda 8. N, R, T guda shida-shida. D, L, S, U guda hurhuɗu. G guda 3. B, C, F, H, M, P, V, W, Y guda bibbiyu. J, K, Q, X, Z guda ɗai-ɗai. A bar 2 babu rubutu. A zuba su cikin jaka ko ƙwarya mai murfi. Allo kuwa, a zana shi a bayan babban kwali.

A lura da abu biyu. Haruffan Turanci 26 ne, kuma babu Ɓ, Ɗ da Ƙ a cikinsu. Sannan harafin C ba a faɗinsa kamar na “ciki” ko “cokali”. A kalmar COW, saniya, kamar K yake fita. A kalmar RICE, shinkafa, kamar S yake fita.

Doka mafi muhimmanci

A babbar gasa ba a tambayar ɗan wasa ma'anar kalma. In dai tana cikin ƙamus, ya ci. Amma ɗan aji ba kofi yake nema ba, ilimi yake nema. Don haka dokar aji ita ce: duk wanda ya ajiye kalma, sai ya faɗi ma'anarta da Hausa. In ya kasa, ba shi da maki. In an yi gardama, a duba ƙamus ko a tambayi malami. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ba a sa kuɗi, domin wannan ba caca ba ce.

Ga kalmomin da ya kamata kowa ya fara riƙewa:

POISON: guba.
DOSE: gwargwadon maganin da ake sha a lokaci ɗaya.
ONCE: sau ɗaya.
TWICE: sau biyu.
DAILY: kullum.
EXPIRY: ranar da magani yake ƙare aiki. Ana taƙaita ta EXP.
LOAN: rance.
PAID: an biya.
NOT: kalmar hani. DRINK shi ne sha, DO NOT DRINK kuwa kada a sha.

Uwar da ta bambanta ONCE da TWICE ba za ta ninka wa ɗanta magani ba. Manomin da ya gane POISON ba zai wanke kwalbar feshi ya zuba man gyaɗa a ciki ba. Wanda ya biya bashi zai duba ya ga an rubuta PAID kafin ya bar wurin.

Sai dai a kula, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gane kalma 20 bai mai da mutum likita ba. Maganar magani, a koma wurin malamin asibiti. Maganar feshi da taki, a koma wurin malamin gona.

Aikin gida

Kowa ya tanadi ɗan littafi. Kullum ya rubuta kalma 3 da ma'anarsu. A wata ɗaya ya tara 90. Da yayyafi kogi kan cika. Mata su yi da 'ya'yansu 'yan makaranta bayan an gama aikin gida. Maza su yi a inuwa bayan La'asar.

Ga na gwaji kafin haɗuwa ta gaba. STOP shi ne tsaya. A juya haruffansa 4, a samo kalmar da take nufin tukwane. NOW shi ne yanzu. A juya shi, a samo kalmar da take nufin an ci nasara. Kowa ya zo da amsarsa a rubuce.

Allah ya ƙara basira, ya sa a amfana. Wassalam.