Manomi Da Mai Sayen Shinkafa

 Yau maganarmu a kan shinkafa ce, da mutumin da kamfani ke aikowa ya saye ta.

Kun san cikin shekarar 2017 aka buɗe babban injin shinkafa na WACOT a Argungu. Irin wannan inji ba ya aiki sai da shanshera mai yawa, mai kyau kuma. Saboda haka wakili mai hankali ba ya zama ofis yana jiran kaka. Tun kafin shuka ya kan shiga fadama, ya shawarci manoma su shuka iri ɗaya, kamar Faro 44, gama in an gauraya dogo da gajere, tsaba ta kan kakkarye cikin inji. Ya ce a buga bisa tamfol, kada tsakuwa ta shiga. A shanya kuma har danshi ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ciza. In ƙwaya ta ce ƙas, ta bushe.

Shi ma wakili da nasa nauyi. Ya faɗi kuɗi a fili, ya auna a gaban mai kaya, ya biya ran da ya yi alkawari. In ya ƙi buhu, ya faɗi dalili, don a gyara baɗi.

To, ku kuwa, in kun karɓi iri da taki bashi, kada ku zagaya da shinkafar wata kasuwa a ɓoye. Wanda ya yi haka ya toshe wa garinsu hanya. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.