TANKIN MAI MAI YOYO: HAƊARINSA DA YADDA AKE SAUYA SHI

Yau za mu yi magana ne a kan tankin man tsohuwar mota. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin asibiti da aikin makanikai? To, ku kasa kunne ku ji.

Kwanan baya aka kawo mini wani yaron mota a ɗakin shan magani, fuska da hannuwa duk sun saluɓe. Tankin tsohuwar Peugeot 504 ta maigidansa ne ya yi tsatsa yana ɗiga. Suka juye man, suka ce ai yanzu ba kome a ciki, suka kai wa mai walda. Wuta na taɓa shi sai ya fashe. Yaron ya warke, amma yatsunsa biyu sun ƙage har yau.

Ga abin da ba su sani ba. Tururin fetur shi ne ke kama wuta. Tankin da aka juye kuwa cike yake da wannan tururi gauraye da iska, don haka ya fi cikakke saurin fashewa. Tururin kuma ya fi iska nauyi, watau ƙasa yake bi, ya taru cikin rami, ko ya kai ga murhun da ke nesa. Ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda a 2024 mutum fiye da 150 suka hallaka wajen kwasar man tankar da ta faɗi.

In kun ji warin fetur bayan mota, ko kun ga jiƙa a ƙarƙashinta, kada ku dogara da liƙin sabulu. Tankin da tsatsa ta ci sai sauyi. Ga yadda ake yi.

Na ɗaya, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Ba taba, ba ashana, ba fitilar ƙwai. A kori yara, a ajiye bokitin yashi kusa.

Na biyu, a cire wayar batir mai alamar ragi tun kafin a taɓa kome.

Na uku, a zuƙe man da famfon hannu cikin jarkar ƙarfe mai murfi. Kada a ja shi da baki ta tiyo. Ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, sai ya kawo mummunan ciwon huhu.

Na huɗu, a sa waigi a tayoyi, a tokare motar da katako mai kauri. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulo kuwa fashewa yake yi.

Na biyar, a kwance tiyo da wayar geji, sa'an nan notocin da ke riƙe da tanki. Mutum biyu su sauke shi, gama lita 40 na fetur sun kai kilo 30. A ɗaura sabo da sababbin tiyo, a zuba mai kaɗan, a duba ko yana ɗiga kafin a ta da inji.

In tsautsayi ya auku, wutar fetur da yashi ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi. Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kawo shi asibiti. Kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko baƙin mai. Wanda ya haɗiye fetur kuwa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzayo da shi ko da ya ce lafiyarsa lau.

Jama'a, kuɗin sabon tanki ba su kai kuɗin jinyar ƙuna ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu. Sai mako mai zuwa.