Malamin Makaranta Tsakanin Filin Wasa da Zumunci



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne rayuwar malamin makarantar da aka ɗora wa horar da yara wasanni bayan an tashi daga aji, da yadda wannan aiki ke cin karo da haƙƙin dangi a kansa. Zan ɗauki birnin Katsina misali, domin a nan ne aka fara haɗa koyarwa da wasa ta hanyar da ta bar tarihi a Arewacin Nijeriya.

An buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina a 1921, kuma tun daga farko wasa na cikin tsarinta. Wasan da ya fi kama ƙasa shi ne ƙwallon bango, wanda wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo daga Ingila. Mutum biyu ke karawa da biyu, suna bugun ƙwallo da tafin hannu a cikin ɗaki mai bango uku. Da yake bangon namu na ƙasa ne, ƙwallo mai tauri irin ta Ingila na fasa shi, sai aka koma ga ƙwallon tanis, har yau kuwa da ita ake yi. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, a nan ya koyi wasan, ya fita a 1931 ya tafi da shi makarantar Midil ta Sakkwato inda ya yi koyarwa, bai kuma daina buga shi ba ko da ya zama Firimiya.

To, a lura da irin malamin wancan zamani. Makarantar kwana ce, gidansa na kusa da ita, fili na bakin ƙofa, yara kuma ba su da inda za su in an yi la'asar. Ziyarar gida kuwa sai hutu, don tafiyar ƙasa ce ko ta doki. Daga Katsina zuwa Sakkwato kimanin mako guda. Abubakar Imam, haifaffen Kagara, ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Irin wannan malami nisa ya riga ya nema masa uzuri wurin danginsa. Ba wanda zai zarge shi don bai zo suna ba.

Mota da kwalta, daga baya kuma wayar hannu, su suka ƙwace wannan uzuri. Mu ƙaddara malami mazaunin Ƙofar Guga, mai koyarwa a makarantar jeka-ka-dawo, wanda hedimasta ya ce masa shi ne malamin wasanni, sau da yawa don kawai shi ne ƙarami a cikin malamai. Yaransa suna tashi daga boko su wuce Islamiyya, saboda haka ba ya samunsu da yamma sai Alhamis da Jumma'a, sai kuma wani lokaci safiyar Asabar. Waɗannan ranaku kuwa su ne na ɗaurin aure. Jana'iza ba ta ba da sanarwa, bayanta ga zaman makoki, ga sadakar uku da ta bakwai. Uwa tana Jibiya, ƙanwar uba tana Maraɗi, domin iyakar da Turawa suka shata ba ta raba jinin Katsinawa ba. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, kuma a fahimtata ba a taɓa karɓar kiran waya a madadin ƙafar ba. Iyakarsa ya sanar da kai abin da za ka taso ka zo dominsa.

Ita ma tafiyar ta yi nauyi. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin wannan shekara ya tsare mutane watanni ba su ga 'yan'uwansu ba. Matsalar 'yan bindiga a yankunan Jibiya da Batsari ta sa matafiyi ya riƙa lissafin komowa kafin magariba. Ziyarar da a da ake yi da yamma a dawo bayan isha ta koma ta cinye yini, ko ta zama kwana. Haka kuma kai yara gasa wani gari: uba ba zai saki ɗansa ba sai ya san malamin, ya san gidansu.

A nan ne nake saɓa wa masu ganin zumunci abokin gabar aikin ne. Uban da ya ga malami a jana'izar ɗan'uwansa shi ne zai yarda ɗansa ya shiga mota da shi. Malamin da ya yanke zumunta don atisaye zai wayi gari da fili ba yara. Laifin yana ga tsarin da ya ɗora aikin mutum biyu a kan ɗaya. Awoyin da yake yi a fili ba sa cikin jadawalin darussa, ba a rage masa aji saboda su, ba a kuma duba su in an zo ƙarin girma. Ƙwallo in ta fashe, daga aljihunsa.

Shawarata ga hukumomin ilmi ƙarama ce. A naɗa malamai biyu ga kowace ƙungiya, yadda in ɗaya ya tafi ta'aziyya yara ba za su watse ba. A lissafa awoyin fili cikin aikin mako. A tsara gasannin makarantu tun farkon zango, a kauce wa azumi da makon Salla, don malami ya iya gaya wa mahaifiyarsa ranar da zai zo, ya kuma zo. Jihar da take da filin wasa na Muhammadu Dikko, mai ɗauke da sunan sarkin da ya kafa wasan folo a Katsina, ba za ta rasa kuɗin motar malami da yara goma sha biyar zuwa Daura ko Funtuwa ba.