Wa Ya Kore Miki Kasuwa?



A layinmu akwai mata biyu masu suyar awara. Wajen mutum ɗaya suke auno waken suya, amma ɗaya kafin la'asar ta sayar ta wanke kasko, ɗayar kuwa kullum kwantai. Mai kwantan ta ce min ita haka Allah Ya yi ta, ba ta da ƙashin arziki.

Ni kuwa na sha aiken ɗana gidanta. Ya yi sallama ta amsa a daƙile, ya nemi gyara ta hantare shi. To 'yar'uwa, ke da ke sana'a a cikin gida, ai yara ne kasuwarki, kuma yaro ba ya komawa inda aka ɗaure masa fuska. Rabo na Allah ne, ban musa ba. Amma in kika tashi da safe kin riga kin yanke cewa yau ma ba ciniki, fuskarki za ta riga bakinki faɗa.

Da na ba ta shawara sai ta ce asiri aka yi mata. Ta kwashi adashinta kaf ta kai wa boka. Layar na nan rataye a ƙofar ɗaki, awarar kuma jiya ma ta kwana.