Fayil ɗin Yaro a Riƙon Ƙetare: Wa Ya Rubuta, Wa Ya Bincika?

 

Duk wanda ya ɗauki yaro daga gidan marayu na wata ƙasa, ana miƙa masa fayil. A ciki akwai suna, ranar haihuwa, inda aka sami yaron, da abin da aka ce ya sami iyayensa. Abin da na zo in faɗa shi ne, wannan fayil ba shaida ba ce. Iƙirari ne, kuma sau da yawa wanda ya rubuta shi yana cikin masu cin riba idan yaron ya hau jirgi. Muddin ba a sami wani na daban ya bi sawun abin da aka rubuta ba, mai riƙon bai san asalin yaron da ke hannunsa ba, ko da hatimi goma aka buga wa takardar.

Mu fara da Koriya ta Kudu, domin ita ce ta fi kowa daɗewa a harkar. Tun bayan yaƙin da ya tsaya a 1953, ta tura yara kusan 200,000 zuwa Amurka da Turai, kuma a tsakiyar shekarun 1980 adadin ya haura 8,000 a shekara. A watan Maris na 2025 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta ƙasar ta fitar da sakamakon bincikenta kan ƙorafe-ƙorafe 367 da yaran da suka girma suka shigar. A rukunin farko ta tabbatar da tauye haƙƙi a 56. An rubuta yara a matsayin tsintattu alhali an san iyayensu. Idan yaron da aka shirya wa takardu ya rasu, ko danginsa suka zo suka karɓe shi, sai a ɗora sunansa a kan wani yaron a tura. Ke nan akwai mutanen da suka haura shekara arba'in suna amsa sunan wani, suna bikin ranar haihuwar wani, suna neman uwar wani.

Gwatamala ta tura yara sama da 4,700 zuwa Amurka a 2007 kaɗai, kafin a rufe ƙofar a 2008. Har gwajin jini na uwa da ɗa aka wajabta a can, amma masu harkar suka iya yi masa dabara. Habasha ta haramta ba wa baƙi yara a Janairun 2018. Kwamitin Joustra na ƙasar Holan ya kai rahoto a Fabrairun 2021 cewa jami'an gwamnati sun san ana maguɗi tsawon shekaru suka kawar da kai, nan take aka dakatar da shirin. A Amurka, yaran da ake shigowa da su sun faɗo daga kusan 23,000 a 2004 zuwa ƙasa da 1,300 a 2023. Ba marayu ne suka ƙare a duniya ba. Ƙasashe ne suka buɗe fayiloli suka ga abin da ke ciki.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Chadi, kuma a kansa zan ɗan daɗe. A ranar 25 ga Oktoban 2007 aka kama mutanen wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi. Iyalai a Faransa sun biya dubban yuro kowannensu, an ce musu marayun yaƙin Darfur ne za su karɓa. An ma naɗe wa wasu yaran bandeji don a ce jinya za a kai su. Da UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka zauna da yaran suka tambaye su, sai 91 daga cikinsu suka ambaci uwa ko uba ko wani babba da suke zaune a hannunsa. Mafi yawansu kuma daga ƙauyukan Chadi suke, wajajen Adire da Tine. Kotun Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani a Disamban 2007, da diyyar sefa biliyan 4.12, sannan Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a Maris na 2008.

A lura da abin da ya tona asirin. Ba na'ura ba ce, ba lauya ba ne. Wani ne ya durƙusa ya tambayi yaro da harshen da yake ji: ina gidanku, wa ke ba ka abinci? A lura kuma da dalilin da ya sa iyaye suka saki 'ya'yansu. An ce musu karatu za a ba yaran a cikin ƙasar. Mu nan ba ma buƙatar a yi mana bayanin wannan. Uwa takan ba da ɗanta ga 'yar uwarta ko ga malami, ya shekara goma a can, amma ba wanda ya taɓa cewa ya tashi daga ɗanta. Shari'ar Musulunci ma ta hana a danganta yaro ga wanda ba mahaifinsa ba. A dokokin Amurka da Faransa kuwa, cikakken ɗaukar yaro yana yanke nasaba har abada. Matar da ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa, tana zaton riƙo ne irin wanda ta sani, za a rubuta cewa ta amince. Amincewa da me?

Jami'ai za su ce ai akwai doka. Akwai. Yarjejeniyar Hague ta 29 ga Mayun 1993 ta ce a sashe na 4 sai an tabbatar iyaye sun fahimci abin da amincewarsu za ta haifar, kuma ba kuɗi aka ba su ba. Sashe na 16 ya wajabta rahoto kan asalin yaro, tarihin danginsa da lafiyarsa. Sashe na 30 ya ce hukuma ta adana bayanan asalin. Sai dai yarjejeniyar ta bar aikin tantancewa a hannun ƙasar da yaron ya fito, wadda galibi ma'aikacin jin daɗin jama'arta ba shi da kuɗin man babur da zai kai shi ƙauyen da aka ambata. Ofishin jakadancin ƙasar da za a kai yaron kuma galibi takarda yake dubawa, bai cika zuwa ƙauye ba. Kowa ya jingina da hatimin ɗan uwansa. Najeriya har yanzu ba ta shiga yarjejeniyar ba, kuma a 2021 Birtaniya ta sanya ta cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗaukar yara daga cikinsu, saboda rashin yarda da takardun. Wannan kaɗai ya isa ya hana wasu shugabannin ma'aikatu barci, amma da alama bai hana ba.

Batun lafiya ma yana nan, ba zan tsawaita ba. Yaron da ba a san iyayensa ba, ba a san tarihin sikila ko ciwon hanta a danginsa ba, kuma katin rigakafin da ya zo da shi sai an sake dubawa. Binciken Michael Rutter kan yaran gidajen marayun Romaniya da aka kai Ingila ya nuna waɗanda suka wuce wata shida a irin waɗancan gidaje sun fi fama da matsaloli daga baya. Saboda haka ranar da yaro ya shiga gidan marayu ba ƙaramin bayani ba ce, kuma ita da shekarun yaro suna cikin abin da ake sauyawa don a samu mai ɗaukarsa da wuri.

Ga mai niyyar riƙo, tambayoyin ba su da wuya. Wa ya kawo yaron, wace rana, mene ne sunansa da dangantakarsa da shi? Idan tsintacce ne, wa ya tsince shi, a wane wuri, ina rahoton 'yan sanda, an yi cigiya? Idan an ce uwa ta rasu, wa ya ga jana'izar? Idan fayiloli biyar daga gida ɗaya suka zo da labari iri ɗaya, duk an tsince su a bakin ƙofa ba takarda, to a tsaya. A ɗauki mai bincike da tafinta waɗanda ba gidan marayun ko dillalin da ya haɗa riƙon ke biyansu ba, a yi haka kafin kotu ta zauna, domin bayan yaro ya shekara biyu a sabon gida ba mai son jin amsar.

Ga hukumomi kuwa, buƙatata biyu ce. Kada yaro ya fita sai wani jami'in da ba ya ƙarƙashin gidan marayun ya taka ƙafa zuwa inda aka ce ya fito, ya rubuta sunan wanda ya yi magana da shi. Sannan ainihin fayil ɗin ya zauna a ma'ajiyar gwamnati, ba a ofishin kamfanin da zai iya rufewa gobe ba, kuma doka ta ba yaron damar karanta shi gaba ɗaya idan ya kai shekara 18.